Per Brinch Hansen, wanda ya hana shirye-shiryen kwamfuta cin karo da juna

Wane ne Per Brinch Hansen?

Ɗan ƙasar Denmak ne, an haife shi ranar 13 ga Nuwamba 1938 a Frederiksberg. Injiniyancin lantarki ya karanta. A 1963 ya kama aiki a Regnecentralen, cibiyar kwamfuta ta ƙasarsu, tare da masanin kwamfuta Peter Naur. A can ya jagoranci rubuta tsarin da ke tafiyar da kwamfutar RC 4000, wanda aka kammala a 1969.

Wace matsala ce ta ci masa rayuwa?

Shirye-shirye da dama su yi aiki lokaci guda, suna taɓa bayanai ɗaya. A ce mutum biyu sun zo cire kuɗi daga asusu ɗaya a daƙiƙa guda. Kowanne shiri ya duba ragowar kuɗin kafin ɗayan ya rage nasa, sai lissafi ya rikice. Mugun abin shi ne, irin wannan kuskure yau ya fito, gobe ya ɓuya. Sai a gwada sau ɗari lafiya lau, ranar aiki ya ɓarke.

To wace mafita ya kawo?

Shi da Tony Hoare na Ingila, bisa harsashin da masanin kwamfuta Edsger Dijkstra ya aza, suka fito da dabarar monita. Ana killace bayanan da ake tarayya a kansu tare da ayyukan da aka yarda su taɓa su, kuma shiri ɗaya kaɗai ke shiga a lokaci guda, sauran su jira. Bai tsaya a takarda ba, nan ne ma na fi jinjina masa. A jami'ar Caltech ta Amurka ya gina harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta mai suna Concurrent Pascal a 1975, ya kuma rubuta tsarin tafiyar da kwamfuta mai suna Solo da shi. A wannan harshe, manhajar da ke fassara shiri zuwa abin da kwamfuta ke ganewa ce ke ƙin karɓar shirin da ya keta ƙa'ida, tun kafin a kunna shi.

Duniya ta bi shi kuwa?

Rabi da rabi. Harshen Java ya ari dabarar, amma ya bar wa mai rubutu damar tsallake ta. Abin ya ɓata masa rai, har ya soki Java a rubuce a 1999. Yana da gaskiya, domin tsaron da ya dogara ga kada mutum ya manta ba tsaro ba ne.

Ina ya ƙare aikinsa?

A jami'ar Syracuse, inda ya koyar tun daga 1987. Ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta ba shi lambar yabon majagaban kwamfuta a 2002. Ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 31 ga Yuli 2007.