Waiwaye: Batirin na'urar karanta littattafai da abin da 'yan sahun farko suka biya

Duk ɗan Arewa mazaunin Agege ko Idi-Araba da ya taɓa shiga Computer Village a Ikeja yana cigiyar na'urar karanta littattafai, tambayarsa ta farko ba ta wuce kwana nawa take yi kafin ta nemi caji, domin a garin da ake ɗauke wuta babu sallama, ƙarfin batir ya fi kyan jiki daraja. Wannan tambaya ta girmi kasuwar na'urar a Legas, kuma yadda aka amsa ta shi ne tarihin na'urar kanta.

A 1998 ne Rocket eBook da SoftBook suka fito a Amurka, da fuska irin ta kwamfuta wadda ke shan wuta muddin tana kunne, saboda haka da awoyi ake lissafin cajinsu. Kamfanin Gemstar ya saye su duka biyun a 2000, ya kuma rufe harkar a 2003, waɗanda suka yi gaggawar saye suka wayi gari da na'urar da babu kantin da zai sayar musu da sabon littafi.

Sauyin gaske ya zo ne da tawadar lantarki ta kamfanin E Ink, wanda aka kafa a 1997 daga binciken da aka yi a jami'ar MIT. Fuskar na'urar cike take da ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da farin launi da baƙi, wutar lantarki na tura su sama ko ƙasa su zama rubutu, kuma da zarar rubutun ya zauna ba ya buƙatar wuta don ya ci gaba da zama. Wato fuskar ba ta taɓa batirin sai lokacin juya shafi. Shi ya sa da Sony ya fitar da Reader ɗinsa a Amurka a 2006 bai yi maganar awoyi ba, sai ya ce caji ɗaya na juya shafi 7,500. Kafin nan, a 2004, ya fitar da Librie a Japan, mai aiki da ƙananan batura irin na rimot, sai dai littattafan da aka saya a cikinta kan rufe kansu bayan kwana 60. Mai karatu ya sami batir mai juriya, amma littafin ya zama aro.

Kindle ta farko, na'urar karatu ta kamfanin Amazon, ta fito a Nuwamban 2007 a kan dala 399, ta ƙare a kasuwa cikin awa biyar da rabi. Zuwa Agustan 2010 ana samun wadda ta fi ta sauƙin nauyi da kaifin rubutu a kan dala 139, bayan fitowar iPad da gasar farashi da Nook, wata na'urar karatu ta abokan hamayya, sun tilasta ragi. A 2009 kuma kamfanin Amazon ya goge littattafan George Orwell guda biyu daga na'urorin mutanen da suka riga suka biya kuɗi, ya mayar musu da kuɗinsu, daga baya ya nemi afuwa. Tsoffin na'urorin da suka dogara da layin salula kaɗai sun rasa hanyar shiga kanti lokacin da aka kashe 3G a Amurka a 2022.

Amma a ganina akwai abin da 'yan sahun farko suka samu wanda na baya suka rasa, kuma shi ya fi shafar mu a nan. Kindle ta 2007 ana buɗe bayanta a canza batir, tana kuma da gurbin katin ajiya. Ta biyu da ta fito a 2009 ta zo babu ko ɗaya, an rufe batirin a ciki, kuma haka aka ɗore. Batirin litiyam kuwa tsufa yake yi ko ana amfani da shi ko ba a yi, zafi na gaggauta lalacewarsa, barinsa babu caji na watanni na iya kashe shi gaba ɗaya. Yawancin na'urorin da ke isowa Ikeja da Alaba na hannu ne, tokunbo kamar yadda ake ce musu a Legas, ma'ana mai saye yana gadon batirin da ya riga ya ci shekarunsa a aljihun tebur ɗin wani, sannan ya shigo da shi zafi da laimar bakin teku.

Ko sabuwa ce ma, alƙawarin kamfani na buƙatar a karanta shi a tsanake. Da Kindle Paperwhite mai fitila ta fito a 2012 an ce tana yin mako takwas, amma bisa sharaɗin karatun rabin awa a rana tare da kashe intanet, wanda idan aka lissafa awa 28 ke nan. Ɗan kasuwar Mile 12 ko ɗalibin Akoka da ke shafe awa uku a rana yana karatu cikin cunkoson mota zai nemi caja bayan kwana tara. Duk da haka kwana tara ba abin rainawa ba ne ga wanda wayarsa ba ta kaiwa magariba.

Masu karatun Hausa dai galibinsu ba su bi ta wannan hanya ba, waya suka riƙe, inda littattafan marubutanmu suka yawaita a WhatsApp da Wattpad da Okadabooks, dandalin da aka kafa a Nijeriya a 2013. Da aka rufe Okadabooks a ƙarshen 2023, marubuta da masu karatu sun ɗanɗani abin da ya sami masu Rocket eBook shekara 20 kafin nan. Wanda ya je Ikeja yau neman ta hannu, ya tambayi shekarar da aka ƙera ta, ya duba ko bayanta ya kumbura, ya tabbatar tana karɓar littafi ta igiyar kwamfuta ba sai ta kantin kamfani ba, sannan ya sa mai gyara ya faɗa masa kuɗin sabon batir kafin a yi ciniki.