Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Filafilai: Tambayoyin Mai Son Yawon Gaɓar Teku

Wane irin jirgi ne wannan?

Jirgi ne da iska ke turawa, tsawonsa mita 6 zuwa 9. Filafilai su ne manyan ƙyallayen da ake ɗagawa a jikin doguwar sandar tsakiya su kama iska. A cikinsa akwai ɗan ɗaki mai gadaje, risho, tankin ruwan sha da ƙaramin ban-ɗaki. Masu ƙera shi sukan ce yana kwantar da mutum huɗu ko biyar, amma gaskiya mutum biyu ne za su sake. A mafi ƙanƙantarsu ba a miƙewa tsaye a ɗaki, sai dai a sunkuya. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Catalina 22, wanda Frank Butler ya fito da shi a Amurka a 1969, an kuma ƙera sama da 15,000.

Ba ya kifewa idan iska ta buge shi?

Karkata yake yi, kuma karkatar na cikin aikinsa. Ranar farko, idan ya kwanta gefe guda, kofi ya zame daga tebur, ruwa na gudu dab da bakin jirgin, sai gaban baƙo ya faɗi. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani faffaɗan nauyi na dalma ko ƙarfe da ake kira kil, wanda a jirage da dama yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin duka. Gwargwadon karkatar jirgin, gwargwadon ƙarfin da nauyin nan ke yi wajen miƙar da shi. Kil ɗin ne kuma ke hana shi zamewa gefe.

Abin da ke jefa mutane cikin wahala shi ne jinkirin rage filafilai. Da zarar iska ta fara ƙarfi, a naɗe wani sashe tun hannu na iya aiki cikin natsuwa.

Wane irin kil ya fi dacewa?

Ya danganta da gaɓar da za ka riƙa zuwa. Dogo guda ɗaya ya fi kyau wajen tunkarar iska, sai dai yana son ruwa mai zurfi. Akwai wanda ake ɗagewa, kamar na Catalina 22, shi ne ke ba da damar ɗora jirgin a tirela, wato amalanken da ake ɗaurawa a bayan mota, a ja shi zuwa gida. Akwai kuma tagwaye, irin na Westerly Centaur na Ingila, shi ma na 1969. Inda teku ke janyewa ta bar taɓo, irin wannan yakan zauna daram a kan ƙafafunsa biyu har ruwa ya dawo. A ganina, ga mai yawon kwana biyu, jirgin da ke iya kutsawa cikin lungu marar zurfi ya fi mai gudu daɗi.

Ina za a iya kaiwa daga Asabar zuwa Lahadi?

Ba nisa. Tsawon jikin jirgin da ke cikin ruwa shi ke ƙayyade gudunsa: mai mita 6 da wuya ya wuce kilomita 11 a awa, yawanci ma 8 ko 9 ne. Tafiyar awa biyar ke nan kilomita 40 da 'yan kai. Sannan ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai ya kauce da kamar digiri 45, ya yi dama ya yi hagu, hanya ta ƙara tsawo. Ga kuma cikowa da janyewar teku, wadda a yawancin gaɓoɓi ke zagayowa duk awa 12 da minti 25. Wanda ya fita ruwa na gudu yana tura shi baya zai wuni yana kallon dutse guda.

To injin fa?

Ana buƙatarsa wajen shiga da fita tasha, da ranar da iska ta ɗauke. Ƙaramin da ake maƙalawa a baya ya wadatar.

Zai iya shiga tsakiyar teku?

Wasu sun yi. Tania Aebi ta bar New York a 1985 tana da shekara 18, cikin Contessa 26 mai tsawon ƙasa da mita 8, ta zagaya duniya ta dawo a 1987. Amma ƙirar wannan jirgin ta daban ce, siriri ne mai nauyi a ƙasa. Na ɗorawa a tirela ba a yi shi don haka ba.

Me za a duba idan na hannu ne?

Yawancinsu na faiba ne, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, kuma faiba na daɗewa. Taka saman jirgin ko'ina. Inda ya lotsa, ruwa ya shiga ya ruɓar da katakon ciki. Duba ƙusoshin kil, da wayoyin da ke riƙe da sanda, waɗanda akan canja bayan kamar shekara 10. Kafin fitar farko a tanadi rigar ceto ga kowa, anga (ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi) mai sarƙa, taswirar teku, da rediyon VHF na magana da sauran jirage da gaɓa. A rediyon, tasha ta 16 ce ta neman agaji.