Zubar jini bayan haihuwa: tambayoyi da amsoshi

Wane jini ne ake kira zubar jini, alhali kowace mai haihuwa sai ta ga jini?

Gaskiya ne babu macen da za ta sauka ba ta ga jini ba, kuma wannan ne ma ya sa matsalar take shammatar mutane. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna aiki da shi shi ne rabin lita, wato mililita 500, a cikin awa 24 na farko bayan haihuwa. Domin a gane yawansa, rabin lita daidai yake da ledar ruwan sha guda ɗaya irin wadda ake sayarwa a bakin titi. Idan jinin ya kai haka ya wuce na al'ada, idan kuwa ya kai lita guda to rai yana cikin haɗari. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin miliyan 14 ne ke gamuwa da wannan matsala a kowace shekara, kuma kimanin 70,000 daga cikinsu suna rasuwa, abin da ya sa ita ce kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa.

Me yake jawo ta?

A mafi yawan lokuta, kusan bakwai cikin goma, mahaifa ce take kasa tsukewa. Lokacin da ciki ya tsufa, jinin da ke kwarara zuwa mahaifa a cikin minti ɗaya yakan kai rabin lita ko fiye, domin ta nan ne jariri yake samun abinci da iska. Da zarar mabiyiya ta faɗo, sai ta bar gurbi mai buɗaɗɗun jijiyoyi, kuma abin da ke rufe su shi ne naman mahaifar da kansa, wanda yake damƙewa ya matse su. Shi ya sa ungozomar da ta san aikinta take ɗora hannu a ƙasan cibiyar mai jego: idan ta ji mahaifa ta dunƙule ta yi tauri kamar ƙwallo, hankalinta ya kwanta, idan ta ji ta saki ta yi laushi, ta san jini yana tafiya ko da bai bayyana a waje ba. Mahaifa takan gaji ta kasa tsukewa bayan doguwar naƙuda, ko cikin tagwaye, ko haihuwar ƙaton jariri, ko ga macen da ta yi haihuwa da yawa a kusa da juna.

Sauran dalilan su ne ƙari, wato yagewar gaba ko bakin mahaifa, da maƙalewar mabiyiya ko wani ɓangare nata, sai kuma matsalar daskarewar jini. Wajibi ne a faɗi cewa mata da yawa da suka zubar da jini ba su da ko ɗaya daga cikin alamun haɗari tun da farko, don haka macen da ta haifi biyar lafiya a ɗakinta ba ta da tabbacin cewa na shida zai zo haka.

Ba jinin banza ba ne da ya kamata ya fita don ciki ya wanke?

Wannan magana ta yaɗu a gidajenmu, kuma iyayen da suke faɗinta ba da mugun nufi suke faɗi ba, amma ta ci rayuka. Jinin biƙi na gaskiya yana zuwa ne kaɗan-kaɗan, yana raguwa yana sauya launi a kwana a tashi. Jinin da yake jiƙa zani sharkaf a cikin ɗan lokaci, a sauya wani shi ma ya jiƙe, ko yake fitowa guda-guda, shi ne ainihin jinin da yake riƙe da ran mai jego. Idan ta ce tana ganin jiri ko duhu-duhu, ko ta yi ta neman ruwa, ko tafin hannunta ya yi fari jikinta ya yi sanyi da gumi, kada a ce gajiyar naƙuda ce a lulluɓe ta ta huta. Mace mai cikakkiyar lafiya tana iya rasuwa cikin awa biyu idan ba a tsayar da jinin ba. Abin da ya ƙara tsananta lamarin a wurinmu shi ne kunya, musamman ga mai haihuwar fari, wadda aka tarbiyyantar a kan cewa jaruma ba ta raki, sai ta danne abin da take ji har ƙarfinta ya ƙare.

Akwai maganin da ke hana ta ko tsayar da ita?

Akwai, kuma ba mai tsada ba ne. Allurar oksitosin da ake yi wa mace da zarar jariri ya fito tana sa mahaifa ta tsuke, sai dai tana buƙatar ajiya a cikin firji, abin da ke da wuya a inda wutar lantarki ba ta zama. A irin waɗannan wurare ana amfani da ƙwayar misofurostol, wadda zafi ba ya lalata ta da sauri, amma da sharaɗin ba a shan ta sai bayan jariri ya fito, domin shan ta a lokacin naƙuda ba bisa umarnin likita ba yana iya fasa mahaifa. A shekarar 2017 wani babban bincike da ya ƙunshi mata kimanin 20,000 a ƙasashe 21, har da Najeriya, ya nuna cewa allurar turanekzamik, mai taimaka wa jini ya daskare, tana rage mutuwa ta dalilin zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka yi ta cikin awa uku da haihuwa.

To me ya sa har a asibiti ake rasa mata?

Babban dalili shi ne ido ba ya iya auna jini. Ya zuba a gado, ya shiga zani, ya gauraya da ruwan haihuwa, sai ma'aikaciya ta ƙiyasta shi ƙasa da yadda yake. Wannan ne abin da binciken da ake kira E-MOTIVE ya magance, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2023 bayan an gudanar da shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin jagororinsa. An riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da aka yi wa layukan awo, jinin yana taruwa a ciki ana ganin inda ya kai. Da ya taɓa layin haɗari sai a haɗa matakan gaba ɗaya, a murza mahaifa, a yi allurai, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai ƙari, maimakon a gwada ɗaya a zauna jiran sakamako. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. A ganina wannan ya isa hujja ga kowace gwamnatin jiha ta wadata ɗakunan haihuwarta da wannan leda.

Me iyali za su iya yi tun kafin ranar?

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai biyu cikin goma ba. Ke nan yawancin matanmu suna sauka ne a inda babu allura, babu jinin ƙari. Zuwa awon ciki yana da amfani a nan ta wata fuska da ba a cika lura da ita ba: a can ne ake gano ƙarancin jini, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, ɗan abin da wata za ta zubar ta miƙe shi ne zai kayar da ita. Maigida kuma ya tanadi kuɗin mota da lambar direba, ya san 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini, sannan ya bar izini a fili cewa ko ba ya gida a tafi da matarsa asibiti ba sai an jira shi ba. Idan jini ya ɓalle a gida, a murza ƙasan cibiyarta da ƙarfi, a sa ta yi fitsari, a ɗora mata jariri a nono, kada a ja igiyar cibiya don ciro mabiyiya, kuma duk wannan a yi shi ne ana neman mota.

Idan an wuce ranar farko lafiya, shi ke nan?

A'a, jini yana iya dawowa bayan kwanaki, har ma bayan suna, galibi saboda ragowar mabiyiya ko ƙwayoyin cuta da suka shiga mahaifa. Mai jegon da jininta ya ƙaru bayan ya ja baya, ko ya fara wari, ko ya zo da zazzaɓi da ciwon mara, a mayar da ita asibiti a ranar, ko da ba ta yi arba'in ba.