Ƙungiyar Masu Busa Turombon: Su Wane Ne, Me Ke Tara Su?

Tukuna, mene ne turombon?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin sojoji ko na 'yan sanda ya gan shi a cikin badujala. Shi ne ƙahon nan na tagulla da mai busa ke tura bututunsa gaba yana jawo shi baya. Sunan daga Italiyanci ya fito, ma'anarsa babban ƙaho, kuma tun ƙarni na 15 ake busa irinsa a Turai. Bututun mai zamiya yana da matsayi bakwai, kowanne da muryoyinsa, amma babu wata alama da aka zana a jiki. Hannu ya ɗan zarce kaɗan, murya ta kauce. Kunne ne kawai jagoran mai busa.

Akwai ƙungiyarsu da gaske?

Akwai, har ta haura shekara hamsin. Sunanta International Trombone Association, an kafa ta a Amurka a 1972. Thomas Everett, wanda ya daɗe yana jagorantar makaɗan jami'ar Harvard har ya yi ritaya a 2013, shi ne ya assasa ta, shi ne kuma shugabanta na farko. Kafin nan da shekara ɗaya an fara wani taron ƙara wa juna sani na masu busa turombon a birnin Nashville, taron da ya rikiɗe ya zama bikin shekara-shekara. Yawanci a Amurka ake yin sa, amma yakan tsallaka teku: an yi a Paris a 2012, an yi a Valencia ta Sifaniya a 2015.

Me ya sa ƙaho ɗaya zai buƙaci ƙungiya sukutum?

Nan ne gizo ke saƙar. A babbar tawagar kiɗan Turawa za ka iske masu goge irin na Turai kusan talatin, amma masu turombon uku ne rak, can a layin baya. Wani lokaci mutum zai zauna minti ashirin da ƙaho a cinya yana ƙirga kiɗa a zuci, sannan a ba shi 'yan daƙiƙu ya busa, kuma ba a yafe masa kuskure. Wanda ke irin wannan zama, da wa zai tattauna yadda ake ajiye leɓe a bakin ƙaho, ko wane mai ya fi sa bututu santsi? A ganina kaɗaicin nan ne ya haifi ƙungiyar, ba son taro ba.

Shi ya sa abin da ya fi armashi a bikinsu shi ne busar taro, inda masu turombon zalla, gommai a jere, ke busa tare ba ganga ba goge. Emory Remington, malamin makarantar kiɗa ta Eastman da ke Rochester, wanda ya koyar daga 1922 har rasuwarsa a 1971, shi ya fito da martabar wannan salo. Har yau akwai gasar da ke ɗauke da sunansa.

Me ɗan ƙungiya ke samu?

Mujalla sau huɗu a shekara, mai ɗauke da hira da gwanaye, tarihin ƙahon da sharhin sabbin faya-fayai. Sai gasanni na matasa, wasunsu da sunayen mashahuran masu busa jaz irin su J.J. Johnson da Carl Fontana. Akan kuma karrama wani gwani duk shekara.

Dole sai mutum ya iya busa?

A'a. Ɗalibi, malami, maƙerin ƙaho, da wanda sauraro kawai ke burge shi, duk suna biyan kuɗin shekara su shiga. Birtaniya ma tana da tata, British Trombone Society, tun 1985, da mujallarta mai suna The Trombonist.