Waiwaye: yaushe ranar hutun matuƙi mai zaman ko-ta-kwana take farawa?

Duk sanda matuƙan jiragen sama a Amurka suka zauna sabunta yarjejeniyar aiki sai maganar ranakun hutu ta taso, musamman na masu zaman ko-ta-kwana, kuma na ga wasu suna ɗauka wai yaran yanzu ne kawai ba sa son wahala. Ba haka ba ne gaskiya, maganar nan ta girmi yawancin masu yin ta.

Mai ko-ta-kwana shi ne matuƙin da ba a ba shi jadawalin tafiye-tafiye na wata ba, an dai ce masa ga ranakun da za ka zauna kusa da waya, in wani ya kwanta rashin lafiya ko hadari ya hargitsa jirage kai za a kira. Da yake komai a aikin nan da daɗewa ake rabonsa, sabbin shiga su ke cika wannan layin. Yawanci ana rubuta musu hutun kwana 11 zuwa 13 a wata, toh amma mece ce "kwana"? Daga 12 na dare zuwa 12 na dare, ko awa 24 daga lokacin da ka sauka? In jirgi ya makara ka sauka ƙarfe 1 na daren da ya shiga ranar hutunka, ranar ta ƙone ko za a biya ka da wata? Wasu ranakun ma kamfani na iya matsar da su, waɗanda ba a taɓawa har suna gare su a bakin matuƙa, ranakun zinare.

Farkon labarin sananne ne. An kafa ƙungiyar matuƙa ta ALPA a 1931, a 1934 aka tsaida awa 85 na tashi a wata, daga baya doka ta ce a ba mutum awa 24 a jere babu aiki cikin kowane kwana 7. Yawancin lissafin a kan awannin tashi yake. Zaman jira ba ya cikin lissafi, ba aiki ba ne ba kuma hutu ba, mutum zai iya yin kwanaki a jere ana iya kiransa dare ko rana.

Inda nake so a tsaya shi ne 1999, shekarar da ba a cika ambata ba. Ranar 1 ga Yuni jirgi ya zarce titin sauka a birnin Little Rock na jihar Arkansas cikin ruwa da iska, mutum 11 suka rasu, matuƙan sun haura awa 13 a bakin aiki. Cikin watan nan hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da sanarwa cewa daga Disamba za ta fara tabbatar da dokar hutu a kan masu ko-ta-kwana ma. Ba sabuwar doka aka rubuta ba fa, tsohuwar ma'anar hutu aka ɗauko aka ce a yi aiki da ita: hutu sai ya zama a jere, sai an faɗa maka shi tun kafin ya fara, kuma sai babu nauyin amsa kira a kanka. Wato in har kana zaune da waya a aljihu kana tsoron ta yi ƙara, ba hutawa kake ba ko da a kan gadonka kake kwance. Kuma ba a yarda a waiwaya a ce ai jiya ba mu kira ka ba don haka ka huta. Duk likita ko nas da ta taɓa kwana tana jiran kiran asibiti ta san wannan ba sai an yi mata bayani ba.

Wannan ya gyara abu babba, dole aka yanka ranar jira gida biyu, awannin da za a iya kiranka da awannin da ba mai taɓa ka. Amma a nan ne kuma aka shuka rigimar yau, don sanarwar ta yi maganar hutu ne da awa, ba ta ce komai a kan rana ba. Doka ba ruwanta da ko awannin nan sun faɗo a ranar aiki ko a ranar hutunka. Sai ya zama in jiranka zai fara ƙarfe 3 na asubar Litinin, barcin da doka ta wajabta maka a cikin Lahadinka zai fito, tun kafin isha ka shige ɗaki, biki ko ziyara sai dai a ba ka labari. In kuma a wani gari kake zaune, kamar yadda matuƙa da yawa suke, rabin Lahadin a filin jirgi zai tafi kana neman kujerar da za ta kai ka sansaninka, ka kwana a ɗakin haya mai gadaje hawa-hawa da kuka haɗa kuɗi ku da yawa. A takarda an ba ka kwana 12, a jikinka da wajen iyalinka bai kai ba, kuma kowane ɓangare yana da gaskiya a lissafinsa, shi ya sa gardamar ba ta mutuwa.

Haɗarin jirgin sama na kusa da birnin Buffalo a jihar New York na Fabrairun 2009 da ya ci mutum 50 shi kowa yake tunawa, shi ya kawo dokar majalisa ta 2010 da sabbin ƙa'idojin da ake kira Sashe na 117 da suka fara aiki 4 ga Janairun 2014. Hutun awa 10 kafin aiki da damar barcin awa 8 a ciki, awa 30 a jere cikin kowace awa 168, jiran gajeren kira, wato wanda in an kira ka sai ka iso cikin ɗan lokaci, kar ya wuce awa 14, zaman jira a filin jirgi kuma aiki ne cikakke. An samu ci gaba sosai wallahi, sai dai duba da kyau, har yanzu awa ce, awa 30 ɗin na iya farawa azahar ɗin Talata ta ƙare Laraba da daddare, ba ka samu kwana ɗaya cikakke daga 12 na dare zuwa 12 na dare ba.

Turai ta bi wata hanya. Tun 2000 dokarsu ta ce aƙalla kwana 7 a wata da kwana 96 a shekara babu aiki babu jira, sannan ƙa'idojin da suka fara aiki a 2016 suka ce ranar hutu guda ita ce wuni ɗaya da darare biyu na agogon wurin da kake, kuma a sanar da kai tun da wuri. Darare biyun nan su ne suke hana a cinye yammacinka da jiran asuba. A Amurka irin wannan kariyar sai dai a samo ta a teburin sasantawa, kamfani-kamfani, kuma masu rinjayen ƙuri'a a ƙungiya galibi manya ne da suka bar layin ko-ta-kwana shekaru da dama da suka wuce, don haka sau da yawa ƙarin albashi ke gaba, ma'anar ranar hutun sabon shiga ta jira zagaye na gaba.