"Lafiya lau" ɗin da kuke ba mu tana cutar da gidajenku

A makonnin nan na shiga gidaje da dama a unguwannin Nima da Maamobi na Accra da takardar tambayoyin da muke auna juriyar iyali da ita, wato yadda gida ke jure wahala, kuma kusan ko'ina amsa ɗaya nake samu: "Lafiya lau, alhamdulillahi." Maigida ya yi watanni ba aiki, lafiya lau. Ana jinyar tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki, katinta na inshorar lafiya (NHIS) ya ƙare ba a sabunta ba, lafiya lau. Iyayena mata, wannan ɗabi'a tana ci mini rai, domin abin da kuka faɗa shi nake rubutawa, kuma takardar da ta ce komai daidai ne ba ta jawo wa gida taimako.

Na yarda takardar ma tana da nata laifin. Irin waɗannan tambayoyi a Amurka aka fara tsara su da Turanci, kuma wata masaniya, Froma Walsh, ta kasa juriyar iyali kashi 3: abin da iyali suka yi imani da shi, yadda suka tsara zamansu da waɗanda suke jingina da su, da yadda suke tattaunawa su warware matsala. Juriyar nan kalma ɗaya ce a Turanci, amma mu muna da haƙuri, da juriya, da dauriya, da tawakkali, kuma matar da ta danne damuwarta ta yi shiru sai mu ce mai haƙuri ce, alhali ciwo ne yake cinta. Kalmar "iyali" ma haka take: mai takardar yana nufin miji da mata da 'ya'ya, a zango kuwa gwaggo da kawu da maƙwabciyar da kuke zubin susu (adashi) tare duk suna ciki. Gyaran fassara aikinmu ne, kuma muna yi.

Faɗin gaskiya kuwa naku ne. Na san darajar rufin asiri, kuma godiya ga Allah wajibi ce, amma godiya ba ta hana a ce abinci bai isa ba. Ku daina sallamar mu da "lafiya lau"!

Idan mun zo, ku nemi a yi muku tambayar da Hausa, ku ce a maimaita in ba ku gane ba, kada ku sa yaro tafinta, domin ba uwar da za ta faɗi bashin gida a gaban ɗanta. Idan idon mutanen gida ne ya hana ku magana, ku same ni a asibiti ranar awo, mu zauna mu biyu.