Kafin ka ratsa mashigin Suez: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya hau jirgin shaƙatawa daga Bahar Rum zuwa Bahar Maliya, yini guda cur zai yi a cikin mashigin Suez. Abin da ido zai gani bai taka kara ya karya ba: ruwa shimfiɗe, yashi hagu da dama, sai jirgi a gaba da jirgi a baya, kowa na tafiyar hawainiya. Wanda bai karanta komai ba, kafin azahar ya gaji ya koma ɗaki. Wanda kuwa ya san wa ya haƙa, wa ya ci moriya, da kuma jinin da aka zubar a kan waɗannan gaɓoɓi, da wuya ya bar saman jirgin.

Mene ne mashigin, kuma ina yake?

Hanyar ruwa ce da aka haƙa a ƙasar Masar, tsawonta kilomita 193, daga Bur Sa'id a bakin Bahar Rum zuwa birnin Suez a bakin Bahar Maliya. A tsakiya akwai garin Isma'iliyya da tafkin Timsah (sunan kada ne da Larabci), sai babban tafkin da ake kira Mai Ɗaci saboda gishirinsa. Ba kamar mashigin Panama ba, a nan babu ƙofofin da ke ɗaga jirgi su sauke shi, domin tekunan biyu kusan daidai suke. Jirgin da ya taso daga Landan zuwa Mumbai yana rage fiye da kilomita 8,000 idan ya bi nan maimakon ya zagaye Afirka ta ƙasa.

Turawa ne suka fara tunanin haɗa tekunan?

Ko kusa. Tun wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, Fir'auna Neko na Biyu ya fara haƙa hanya daga kogin Nilu zuwa Bahar Maliya. Sarkin Farisa Dariyus ya ƙarasa ta, har ya kafa duwatsu da rubutu yana yabon kansa. Yashi ya riƙa cike ta, masu mulki suna sake yashewa.

Ɓangaren da zai fi jan hankalin mai karatu Musulmi shi ne na Amru bn Al-As. Bayan ya ci Masar a zamanin Halifa Umar, ya sake buɗe tsohuwar hanyar domin a riƙa kai hatsi Hijaz ta ruwa, aka kira ta Halij Amirul Muminina. Fiye da shekara ɗari bayan haka Halifa Mansur na Abbasiyawa ya sa aka toshe ta, don ya yanke abinci ga waɗanda suka yi masa tawaye a Madina. Ka ga tun fil azal mai riƙe da wannan hanya yana riƙe da maƙogwaron wani. Amma duk waɗannan daga Nilu suka taso. Haɗa teku da teku kai tsaye sabon abu ne. Napoleon ya so yi lokacin da ya mamaye Masar a 1798, sai injiniyoyinsa suka yi kuskuren awo, suka ce Bahar Maliya ta fi Bahar Rum tudu da mita tara zuwa goma, idan aka fasa ambaliya za ta cinye ƙasar. Aka jingine maganar.

To, wa ya haƙa na yanzu?

Littattafai za su ce Ferdinand de Lesseps, Bafaranshe. Shi ba injiniya ba ne, tsohon jami'in jakadanci ne mai daɗin baki da naci. Ya san Sa'id Basha tun Sa'id yana yaro, don haka da abokin nasa ya hau mulkin Masar a 1854, bai ɓata lokaci ba ya samo takardar izini. Sharaɗin shi ne kamfaninsa zai riƙe mashigin shekara 99 daga ranar buɗewa. Aka sara ƙasa ranar 25 ga Afrilu 1859.

Amma masu haƙar su ne talakawan Masar. A shekarun farko aikin tilas aka yi: kowane wata ana kwaso manoma wajen 20,000 daga ƙauyuka, su bar gonakinsu, su yi ta sara da diga suna kwasar ƙasa a kwando cikin zafin hamada. Ruwan sha a kan raƙuma ake kawo shi, sai da aka jawo wata hanyar ruwan daɗi daga Nilu, wadda ta isa Suez a 1863. Kwalara ta ɓarke a 1865. Daga baya shugaban Masar Gamal Abdel Nasser ya ce mutum 120,000 ne suka mutu a aikin. Masana tarihi da yawa suna ganin adadin ya yi yawa, amma babu mai musun cewa an binne mutane masu ɗimbin yawa a wannan yashi.

Abin da ya fi ba ni takaici a labarin shi ne yadda aka daina aikin tilas ɗin. Da Isma'il Basha ya gaji Sa'id a sarautar Masar ya nemi a soke shi, kamfanin ya ce an karya alkawari. Aka kai ƙara gaban Sarkin Faransa Napoleon na Uku, wanda matarsa 'yar uwar de Lesseps ce, ya yanke a 1864 cewa Masar ta biya kamfanin faran miliyan 84, kan wannan da wasu filayen da ta karɓe. Kura ce ta yi alƙalanci a shari'ar akuya. Daga nan aka shigo da manyan injunan yasa masu aiki da tururi, su ne suka kwashe mafi yawan ƙasar.

Yaya bikin buɗewa ya kasance?

An yi shi ranar 17 ga Nuwamba 1869, kuma Isma'il ya yi ɓarin kuɗi kamar ba gobe. Sarauniya Eugénie ta Faransa ce a jirgin farko, Sarkin Ostiriya na biye. Wani mai sassaƙa, Bartholdi, ya kawo shawarar a kafa ƙaton mutum-mutumin wata baƙauyar Masar riƙe da fitila a bakin mashigin, aka ce ya yi tsada. Shi ne daga baya ya yi mutum-mutumin 'Yanci da ke New York.

Ta yaya Ingila ta shigo, alhali aikin Faransawa ne?

Da farko Ingila ta yi ta zagon ƙasa, Firayim Minista Palmerston yana cewa aikin damfara ne. Da aka buɗe sai ga shi mafi yawan jiragen da ke bi nata ne, masu zuwa Indiya. Bashi kuma ya kai wa Isma'il iya wuya. A 1875 ya sa hannun jarin da Masar ke da shi a kamfanin mashigin a kasuwa, kimanin kashi 44 cikin ɗari, Firayim Minista Disraeli ya ranto fam miliyan huɗu daga gidan attajiran banki na Rothschild ya saye ba tare da jiran majalisa ba. A 1880 kason kashi 15 na ribar da aka ware wa Masar shi ma ya tafi wajen biyan bashi. Shekara biyu bayan haka sojojin Ingila suka murƙushe Ahmad Urabi, hafsan sojan Masar da ya jagoranci bore, a Tel el-Kebir suka zauna. Wato cikin shekara goma sha uku da buɗewa, ƙasar da ta ba da fili, ta ba da 'ya'yanta, ta ba da kuɗi, ta wayi gari ba ta da hannun jari, ba ta da riba, ga sojan baƙi a tsakar gida.

Me ya faru a 1956?

Amurka da Ingila sun janye alkawarin kuɗin gina madatsar ruwa ta Aswan. Mako guda bayan haka, ranar 26 ga Yuli, Nasser ya tsaya gaban jama'a a Iskandariyya yana jawabi. An riga an shirya da injiniya Mahmud Yunus da mutanensa cewa da zarar sun ji sunan de Lesseps a rediyo su shiga ofisoshin kamfanin. Nasser ya yi ta maimaita sunan don kada a ce ba a ji ba. Kafin ya sauka daga mumbari, mashigin ya zama na Masar.

Turawa sun ɗauka Misirawa ba za su iya tafiyar da shi ba. A watan Satumba jagororin jiragen, waɗanda yawancinsu Turawa ne, suka ajiye aiki lokaci guda. 'Yan ƙasa da Girkawan da suka ƙi tafiya da wasu da aka ɗauko daga waje suka ci gaba da wuce da jirage. Da wannan dabara ta ƙi ci, aka koma ga bindiga: Isra'ila ta shiga Sina'i ranar 29 ga Oktoba bisa wata yarjejeniyar sirri, Ingila da Faransa suka biyo baya da sunan raba faɗa, suka yi wa Bur Sa'id ruwan wuta. Shugaba Eisenhower na Amurka ya matse Ingila ta fuskar kuɗi, Tarayyar Sobiyat ta yi barazana, dole Ingila da Faransa suka janye kafin ƙarshen Disamba. Firayim Ministan Ingila Eden ya sauka a Janairun 1957. A duk faɗin Afirka, inda ake fafutukar neman mulkin kai a lokacin, an ga cewa zakin ya tsufa.

An ce an taɓa rufe shi shekara takwas?

Haka ne, daga yaƙin Yunin 1967 zuwa 5 ga Yuni 1975. Mashigin ya zama iyaka tsakanin sojan Masar da na Isra'ila. Jirage goma sha biyar suka maƙale, goma sha huɗu daga ciki a tafki Mai Ɗaci, har ƙura ta rine su aka sa musu suna Rawayan Ayari. Ma'aikatansu, daga ƙasashen da ba sa ga maciji da juna, suka kafa ƙungiya, suna zana nasu kan sarki, har ƙaramar gasar Olamfik suka yi a 1968. Biyu kaɗai, na Jamus, suka iya komawa gida da injinsu.

A gaɓar gabas Isra'ila ta tara tsaunin yashi da ake kira layin Bar Lev. Ranar 6 ga Oktoba 1973, goma ga Ramadan, sojojin Masar suka narkar da shi da famfunan ruwa masu ƙarfi suka haye.

Yanzu fa?

A Agustan 2015 an buɗe sabon reshe mai kilomita 35 domin ayari biyu su iya wuce juna, da kuɗin da Misirawa suka zuba da kansu, fam biliyan 64 na Masar cikin kwana takwas. Duk da haka ɓangaren kudu ya kasance layi ɗaya, nan ne jirgin Ever Given mai tsawon mita 400 ya gicciye a Maris 2021, ya tare hanya kwana shida, jirage sama da 400 suna jira. A shekarun lafiya kusan kashi 12 cikin ɗari na cinikin duniya nan yake bi. Hare-haren 'yan tawayen Houthi na Yaman a Bahar Maliya daga ƙarshen 2023 sun kori jirage da dama, har kuɗin da mashigin ke samu ya faɗi da fiye da rabi a 2024, kuma kamfanonin shaƙatawa da yawa sun sauya hanya. Mai niyyar tafiya ya tabbatar jirginsa zai bi ta nan ɗin kafin ya biya.

Me zan duba ranar wucewa?

Tashi da asuba, domin ayari kan shiga da wuri, kuma tafiyar na cin awa 12 zuwa 16. Jagoran hukumar mashigin zai hau jirginku, doka ce. Idan kudu kuka nufa, damanka Afirka ce, da dabino da gonakin da ruwan Nilu ke shayarwa. Hagunka Sina'i, wato Asiya, busasshiya ƙayau. A Ƙantara za ku bi ta ƙarƙashin gadar Salam da Japan ta taimaka aka gina a 2001, mita 70 sama da ruwa. Za ka ga masunta a ƙananan kwale-kwale suna jiran ƙaton jirgi ya wuce su ci gaba da jefa koma. A bakin Bur Sa'id kuma nemi wani dogon dandamalin dutse da babu kowa a kansa. Nan mutum-mutumin de Lesseps ya tsaya tun 1899 yana miƙa hannu ga jirage, har mutanen garin suka tumɓuke shi da nakiya a Disambar 1956.